Kada Soja Ya Ji

Highbridge, Bronx
9 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Hussaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida jikata Sauda. Yaya sanyin Ireland, yaya aikin asibiti? Ina fata tarin da ya dame ta watan jiya ya sake ta. Ni da sauƙi, sai ƙafa da ke kumbura idan na daɗe a zaune, kuma kwanakin nan zama ne kaɗai aikina.

Hussaina, in a tsaye kike, ki nemi wuri ki zauna. Allah ya yi wa Babanku Malam Yacouba rasuwa ranar Laraba, uku ga wata. Lafiya lau ya fita. Ya sha kunu, ya yi mini faɗa wai na cika sukari, ya tura kayansa zuwa Fordham inda yake kasa huluna da safar hannu. Wajen sha ɗaya yana miƙa wa wata mata gyale, sai ya dafe ƙirji ya zauna a kan kwali. Habibou mai turare, wanda teburinsa ke jikin nasa, shi ya kira motar asibiti. Kafin in isa har an rufe masa fuska. Likita ta ce zuciya ce. Washegari aka sallace shi a masallacinmu, maza suka kai shi maƙabarta a New Jersey.

Ban kira ki ba don murya ba ta fita. Da na buɗe baki sai kuka. Takarda ita ba ta jin kuka, shi ya sa na ɗauko biro, ko da yake rabona da shi tun aji shida a Zinder. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ga abin da ya sa ke na rubuta wa, ba mijinki ba. Kin san ba ni na haifi Hamidou ba. Yayata ce ta rasu ta bar mini shi yana ɗan shekara huɗu. Malam ma ba jininsa ba ne. Amma shekara takwas a kan kafaɗar Malam ya yi su, kafin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya aiko a kai masa shi Ireland. Mu Allah bai ba mu wani ba. Tun da ya sa kaki Malam bai ƙara kiran sunansa ba, sai Soja. A Fordham babu mai tebur da bai ga hotonsa da shuɗiyar hula ba, ko yana so ko ba ya so.

Ina roƙon ki don Allah kada Soja ya ji. Ba yanzu ba. Yana can kan iyakar Lebanon, bindiga a kafaɗa, ana harbe-harbe a bayan duwatsu. A wurinmu ba a kai wa mutum labarin mutuwa yana kan hanya ko yana bakin aiki mai haɗari. Sai ya iso gida ya sha ruwa, babba ya zaunar da shi, sannan a faɗa masa a hankali. Kin ce a watan Mayu za su dawo. Mu bari sai Mayu.

Na roƙi mutanen ƙungiyarmu ta 'yan Zinder kada wanda ya sa hoton Malam a waya, sun amsa mini. Ranar Juma'a Soja ya kira ni yana cigiyar Babansa, na ce wayarsa ta faɗa ruwa, kuma ya fita. Allah ya yafe mini.

Ki riƙe wannan ke kaɗai. Ki sa shi a addu'a.

Innarku,
Habsatou


Tullamore, Ireland
19 ga Janairu

Inna,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ki haƙurin rashi. Mu lafiyarmu ƙalau, tarin Sauda ya tafi.

Wasiƙarki ta iso jiya ina shirin fita. A bakin ƙofa na karanta ta a tsaye, duk da kin ce in zauna, kuma ban je aikin ba. Sauda ta dawo makaranta ta ga idona ja, na ce mata albasa ce. Ta leƙa kicin ta dawo ta ce, "Mama, ina albasar?" Na kira ki sau biyar ba ki ɗauka ba. Na gane.

Ban gaya masa ba. Amma Inna ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba rashin kunya ba ne. Baban Sauda ko numfashina ya canja yana ganewa. Jiya da yamma da ya kira, ban gama sallama ba ya ce, "Me ya faru?" Na ce gajiya ce. Wata huɗu zan yi ina ce masa gajiya?

Bari in faɗa miki yadda aikinsa yake, ko hankalinki zai ɗan kwanta. Ba yaƙi suka je ba, tsakani suka je shiga a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi kuma makaniki ne. Yawancin yini yana kwance ƙarƙashin motoci masu sulke, sifana ce a hannunsa ba bindiga ba. Yakan fita sintiri wani lokaci, wannan ba zan ɓoye miki ba. Zuwansa na uku ke nan cikin shekara biyar, kuma ba son ransa ba ne. A garejin barikinsu su tara ne a da, yanzu saura biyar. Biyu sun koma kamfanin bas, ɗaya ya tafi Australia, ɗaya ya ce ya gaji da ɗakin da rufi ke yi masa yoyo a kan gado. Duk sanda aka nemi makaniki, da an waiwaya shi ake gani.

Sojan nan suna da nasu tsari idan an yi wa mutum rasuwa yana waje. Kafin su tafi an tara mu matansu, aka ba mu lambar wata hafsa da ke kula da iyalai. Har gida ana iya dawo da mutum. Abin da ban sani ba shi ne, takardarsu ta ce uba da uwa da mata da ɗa, ban san ko za su sa Baba a layin uba ba. In kin yarda zan tambaya.

Zan kama bakina tunda ke kika ce. Amma nauyin ya yi mini yawa, Inna, kuma ina tsoron ranar da zai tambaye ni tun yaushe na sani.

Wa ke kwana da ke? Kina cin abinci kuwa? Sauda ta zana miki gida da kyanwa, na sa a ciki. Ba ta san komai ba.

'Yarki,
Hussaina


Highbridge
30 ga Janairu

Hussaina,

Na ga wasiƙarki, na gode da ta'aziyya. Ki gaida Sauda, kyanwarta tana jikin firij. Ƙafar na nan yadda take. Abena maƙwabciyata, 'yar Kumasi, ita ke kwana da ni, ita ke kai mini wasiƙa gidan waya tunda ina takaba ba na fita. Tana matsa mini in ci, ina ci don ta bar ni.

Wata magana a wasiƙarki ta tsaya mini a wuya. Wai ko za a sa Malam a layin uba. Wane layi? Ranar da ƙyanda ta kama yaron nan, wa ya goye shi a ƙafa har asibiti? Wa ya sayar da kekensa ya ɗinka masa kayan makaranta? Lokacin babu wanda ya zo da takarda ya tambaye mu layi. In ke ma haka kike ganin Malam, mijin ƙanwar uwa kawai, to ki bar tambayar, ba ma so.

Kin ce makaniki ne, kamar hakan zai kwantar mini da hankali. To ki ji. Ina da ƙane, Mahamadou, direban babbar mota, yana kai albasa daga Galmi zuwa Kwatano. Shekarar da wayar hannu ta shigo ya saya, yana ta murna. Ranar da innarmu ta rasu, wani mai gaggawa ya kira shi yana kan hanya ya faɗa masa kai tsaye. Yaron motarsa da ya tsira ya ce bai yi kuka ba, ya ci gaba da tuƙi kamar bai ji ba. Ba su yi nisa ba ya bar hanya. Jana'iza biyu muka yi a mako ɗaya. Shi ma ba bindiga ce a hannunsa ba.

Yanzu zan faɗa miki abin da na yi, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Kowace Juma'a Malam yakan aika wa Soja saƙon murya. Juma'a uku suka wuce babu, yaron ya dame ni da tambaya. Wayar Malam ba ta faɗa ruwa ba, tana ƙarƙashin matashina. Na bincika na samo wani saƙo na bara, wanda bai ambaci rana ko wata ba. Cewa kawai ya yi, "Soja, barka da Juma'a. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ka riƙe salla, ka ci abinci." Na kunna a wayarsa, na kara tawa na naɗa, na aika, na ce Baba ya ari tawa.

Ba a yi minti goma ba amsa ta zo. Yana dariya, ana jin ƙarar ƙarfe a bayansa. Ya ce, "Baba, muryarka kamar daga cikin rijiya! Tsoho, ka daina rowa ka sayi waya mana."

Hussaina, na kashe wayata tun ranar. Ba zan iya sake jin wannan dariyar ba. In ya tambaye ki, ki ce layinmu ne ya lalace.

Saura wata uku da 'yan kwanaki. Mu daure.

Habsatou


Tullamore
9 ga Fabrairu

Inna,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Mu lafiya. Wannan ta hannun masu kai saƙon gaggawa na aiko ta, don wayarki a kashe take, kuma ba mu da wata uku.

Da farko ki yafe mini maganar layi. Wallahi takardarsu nake nufi, ba zuciyata ba. Baba ne ya karɓa wa Baban Sauda aurena, ban san masa wani uba ba.

Inna, yana zuwa New York. Ana ba su hutu a tsakiyar aiki. Nasa sai Afrilu ne, amma su biyu ne kacal makanikai a sansanin, ba sa tafiya tare, sai ya lallaɓa ɗayan suka yi musaya. Ranar Asabar ashirin da huɗu ga wannan wata zai sauka. Daga Beirut zai bi ta Istanbul kai tsaye zuwa wurinku, sai ya yi mako sannan ya zo mana, don haka ba zan gan shi kafin ku ba. Ya ce shekara bakwai rabonsa da ku, tun bikinmu, kuma muryar Baba a saƙon nan ta yi masa kamar ta tsufa. Ya rantsar da ni kada in gaya muku. So yake ya je Fordham da kayan gida, ya tsaya gaban teburin Baba ya yi ta taya hula da arha har Baba ya fusata ya ɗago kai. Ya saya masa carbi na icen zaitun da sabuwar waya.

Kin ce in ɓoye masa, ya ce in ɓoye miki. Na kwana biyu ina juya abin, na ga dole in karya ɗaya. Nasa na karya.

Jiya na je bariki wurin hafsar nan. Ana ta gini, an kewaye tsohon ɗakin kwanansu da ƙarafa ana sake rufi, ita kanta a wani ɗan akwatin ofis na same ta, da hita a gindin ƙafarta. Ta ce, "Ga gyara ya zo, masu kwana a ciki sun tafi." Ban faɗi suna ba. Na ce wata ƙawata ce ke tambaya, yaya ake gaya wa soja rasuwa in yana can? Ta dube ni, ta tashi ta haɗa mini shayi, sannan ta amsa.

Ta ce ba a faɗa wa soja ta waya. Sai an cire shi daga aiki tukuna, an karɓi makaminsa da makullan mota. A kai shi ɗaki a zaunar da shi, ga babbansa, ga Fada limamin cocinsu, ga abokin da ya fi shaƙuwa da shi. Bayan nan ba ya taɓa mota ko makami sai sun tabbatar ya dawo hayyacinsa, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Na ce mutumin Musulmi ne. Ta ce sansanin sojan Ghana ba nisa, za a iya ɗauko wani Musulmi daga can. Inna, can Baban Sauda ke zuwa Juma'a. Akwai wani dattijo, Saje Braimah, ɗan unguwar Nima a Ghana, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano, Baban Sauda na yawan zancensa. Na kuma tambaye ta, in wanda ya rasu ba shi ya haife shi ba fa? Ta ce, "Shi ya raine shi? To ki faɗa mana haka, haka za mu faɗa wa kwamandansa."

Abin da kike so a yi masa a gida, shi za su yi masa a can. Babba zai zaunar da shi. Abin da ya sami Kawu Mahamadou ba zai same shi ba in sha Allah.

Ban taɓa saɓa miki ba, amma ranar Juma'a sha shida ga wata zan koma wurin matar nan, da wasiƙarki ko babu. Ba zan bar shi ya tsaya a Fordham da carbi a aljihu yana tambayar masu tebur ina Baba ba. Na fi so ya ji daga gare ki. Ki rubuta, Abena ta ɗauki hoton takardar ta turo mini, ga lambata a ƙasa. Su za su buga ta a can su miƙa masa a hannu.

'Yarki,
Hussaina


Highbridge
13 ga Fabrairu

Hussaina,

Muna lafiya. Jiya aka yi sadakar arba'in, ana cikin rabon waina mai saƙo ya buga ƙofa. Na shiga banɗaki na karanta, don falo cike yake da mata. Na ji haushinki har la'asar. Daga baya na tuna teburin Malam, yanzu wani ɗan Senegal ne a wurin yana sayar da tabarau. Shi Soja zai tarar.

Ga wasiƙar. Ki ce wa matar ta tabbata an karɓi makullan kafin a ba shi. Ki maimaita mata sau biyu.

Habsatou


Zuwa ga ɗana Hamidou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen da ke zaune tare da kai yanzu. Malam Braimah, in kana nan, na gode, Allah ya saka. Ka matsa kusa da shi.

Soja, Innarka ce. Lafiyata lau, Hussaina da Sauda ma lafiya. Babanka ne. Allah ya karɓi abinsa ranar Laraba uku ga Janairu, a bakin teburinsa, da hantsi. Zuciya ce. Bai sha wahala ba, bai yi jinya ko ta yini ɗaya ba. An yi masa salla masallaci ya cika har waje, cikin sanyin nan. Habibou da mutanen Zinder suka sa shi a kabari da hannunsu.

Ka ƙirga kwanakin, na san za ka ƙirga. Arba'in da ɗaya ne yau. Ni na ɓoye maka. Ni na hana Hussaina faɗa, ta roƙe ni tun farko na ƙi, kada ka ga laifinta ko kaɗan. Wayarsa ba ta faɗa ruwa ba. Ranar da na ce maka ya fita, yana kwance a New Jersey.

Saƙon Juma'ar nan da ka ji, na bara ne. Ni na naɗa na aiko maka. Wannan shi ya fi komai muni a abin da na yi, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Tsoro ne. Na rasa ƙanena a kan hanya saboda an gaya masa mutuwa yana tuƙi, kai kana ƙarami lokacin, ce maka aka yi ya yi tafiya. Na rasa uwarka, na rasa Malam. Na duba na ga kai kaɗai ka rage mini, sai na riƙe ka da ƙarya. Na hana ka yi wa Babanka addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba ni da ikon mayar maka da su.

Bai bar wasiyya ba, don bai san zai tafi ba. Amma daren Talata yana jiƙa ƙafarsa a ruwan zafi ya ce mini, "Yaron nan in ya dawo a Mayu, ki ce masa ya isa haka, ya bar wa wasu su ma su je." Sai kuma ya ce, "A'a, kada ki faɗa, ya fi mu sanin aikinsa." Ga shi na faɗa maka duka biyun.

An gaya mini kana da tikiti. In ka fasa zuwa, ka wuce wurin iyalinka, ba zan ce komai ba. In ka zo, ƙofa a buɗe take.

Ka yi kuka, kada ka ji kunyar mutanen da ke ɗakin. Kada ka taɓa mota yau.

Innarka,
Habsatou


Kudancin Lebanon
18 ga Fabrairu

Inna,

Na samu. Ranar Alhamis aka kira ni daga gareji, aka karɓi makullai, na shiga na ga Saje Braimah zaune da kwamanda. Tun kafin a miƙo takardar na san mutuwa ce, ban dai san ta wa ba.

Ranar Juma'a mun yi wa Baba salla a sansanin Ghana, mu goma sha huɗu. Abokaina 'yan Ireland su shida suka raka ni, suka tsaya a waje da huluna a hannu har muka gama.

Ina nan zuwa ranar Asabar yadda aka tsara. Kada ki aiko kowa filin jirgi, zan gane hanya. Ki ce wa Habibou ina so ya kai ni wurin Baba ranar Lahadi.

Ban san abin da zan ce miki ba tukuna. Rubutun Hausata ba shi da kyau, Saje ne ya duba mini wannan.

Hamidou


Highbridge
2 ga Maris

'Yata Hussaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Sauda. Kumburin ƙafar ya sauka, don kwana bakwai ban samu zama ba. Yanzu Habibou ya tafi kai Soja filin jirgi, zai riga wasiƙar nan isowa. Amma na san shi, ba zai ba ki labari ba, zai ce "lafiya lau" ya shiga wanka. Shi ya sa na zauna rubutu.

Da la'asar ya iso. Ta taga na hango shi yana hawo tudun nan namu da jaka a baya, tafiyarsa ba ta canja ba tun yana yaro. Ya hawo bene, ya yi sallama, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya yi mini ta'aziyya kamar baƙon da ƙungiya ta aiko. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Bai ce Inna ba. Abena ta kawo masa ruwa ya sha, ya gode mata fiye da yadda ya gaishe ni.

Lahadi suka je maƙabarta. Habibou ya ce ya daɗe a tsugune har gwiwar wandonsa ta jiƙe da ƙanƙara. Carbin da wayar ya ba Habibou.

Kwana uku ba ya zama inda nake. Ya gyara hitar falo da mai gida ya yi shekara biyu yana cewa gobe. Ya gyara famfon kicin, da ƙofar banɗaki, da keken ɗinkin Abena. Da na gidan suka ƙare ya sauka ƙasa ya buɗe motar wani maƙwabci. Abena ta ce, "Hajiya, ki yi masa magana, in ba haka ba zai kwance ginin nan ya sake ɗaurawa."

Ranar Laraba bayan azahar na yi dambu da zogale. Ya zauna ya ci. Na bari ya kusa gamawa na ce, "Soja, ka yafe mini."

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Kin san sau nawa na saurari saƙon nan? Har abokaina na kunna wa, na ce ku ji tsohona. Na yi masa tsiya, Inna. Yana cikin kabari ina ce masa marowaci."



Ya ce, "Ɓoyewar na gane. Saje Braimah ya ce haka aka yi masa da mahaifiyarsa ta rasu yana Laberiya, wata biyar bai sani ba. Wannan na yafe. Muryar kuma ki ba ni lokaci."

Na ce ya ɗauki duk lokacin da yake so, ko ba zan gani ba.

Sai ya ce in ba shi labarin ranar tun daga asuba, kada in tsallake komai. Na fara. Ban kai tsakiya ba ya sauko daga kujera ya kifa kansa a gwiwata, ƙaton mutum mai gemu, yana kuka kamar ranar da aka sa shi mota zuwa Yamai zai bar mu. Na dafa kansa na ci gaba da labarin har ƙarshe, tunda haka ya ce.

Jiya na roƙe shi kada ya koma can. Ya ce in bai koma ba, mutum ɗaya zai bari da motoci duka, kuma yaran da ke fita sintiri a cikinsu suke. Ban ƙara ba. Sai Mayu ke nan.

Ki kula da shi kwanakin nan, ba ya barci sosai. Kada ki yarda ya yi miki fushi a kan abin da ni na sa ki. Ke kika fi ni gaskiya, na faɗa masa, ga shi na faɗa miki.

Saura roƙo ɗaya. Na kunna wayata. Ki kai wa hafsar nan lambata ta ajiye kusa da taki. In wani abu ya same shi a can, ko yatsa ya yanke, ki gaya mini a ranar. Kada ki duba tsufana, kada ki jira a samo babban da zai zaunar da ni. Ki kira kawai, zan nemi wuri in zauna da kaina.

Innarku,
Habsatou